Kurkukun da Ba a Taɓa Ɗaure Kowa Ba

Norwich, 4 ga Oktoba

Kakana Wilfred,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taka? Ina fatan kana shan maganin, ba a aljihu kake ɓoye shi ba.

Na fara aiki, wata uku na gwaji. Ni ke zagayawa da baƙi a ɗakin da ke ƙarƙashin tsohon gidan wani ɗan kasuwa, inda yake ajiye giya da ulu da gishiri. Nakan gaya musu kalmar cellar, sunan da ake kiran irin wannan ɗaki da Turanci, daga harshen Latin ta fito, ma'anarta wurin ajiya kawai, ko da a sama yake. Irin namu mai rufin baka kuwa undercroft ne, jelar kalmar ta samo asali daga Girkanci, “ɓoyayye”. Sai su yi ta hamma. Jiya tun ban kai Girka ba wani ya tambaye ni banɗaki.

Manajanmu, Mista Pruett, ya ce in daina lacca, in ce musu dungeon ne, kurkukun azaba. Na ce masa ba a taɓa ɗaure kowa a nan ba, asalin kalmar ma babbar hasumiyar mai gida ce, can sama. Ya ce, “Farfesa, wa zai biya kuɗi ya ga inda aka ajiye gishiri?” In baƙi ba su ƙaru ba, a Disamba zan tattara kayana.

Sauran ma'aikata tare suke fita cin abinci. Ni a ƙasa nake cin burodina, kan matakala.

Jikarka,
Tamsin

Norwich, 19 ga Nuwamba

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fatan sanyin nan bai kwantar da kai ba.

Na yi abin da Mista Pruett yake so. Na ƙirƙiro wata masaƙiya, Agnes, na ce an ɗaure ta a jikin ginshiƙi har ta mutu. Muryata na rawa, suka ɗauka gwaninta ce, suka tafa. Yanzu layi ake yi. An ba ni aikin har bazara.

Ranar Talata wata tsohuwa da ta ji labarin ta dawo da furanni, daga Yarmouth a motar haya. Ta ajiye su a gindin ginshiƙin. Ta ce ita ma tana yarinya aka kulle yayarta a gidan masu taɓin hankali, ba wanda ya je duba ta har ta rasu. Ta riƙe hannuna ta ce, “'Yata, gara Agnes, ta samu mai tunawa da ita.”

Tana so in bincika mata cikakken sunan Agnes a tsofaffin takardu, don a ambace ta a addu'ar cocinsu. Asabar za ta dawo. Na rubuta abin da zan faɗa mata na yage ya fi a ƙirga. Kaka, tun da na zo garin nan ita kaɗai ta taɓa riƙe hannuna.

Ka gaida Anti Maureen. Ka rubuto kafin Asabar, ko layi ɗaya ne.

Jikarka,
Tamsin