Fijo Irin ta Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Hajiya? Mu nan lafiya, sai gajiya.

Bana sanyin Greensboro bai yi tsanani ba, don haka ni da abokina Bitrus ba mu huta ba. Duk Asabar muna garejinsa, kwance ƙarƙashin tsohuwar fijon da na saya, irin ta marigayi Baba. Bayana duk ya riƙe.

Jiya dai ta tashi, bayan shekara uku. Bitrus ya ce in ja ta, na kasa hawa kujerar direba. Baya na shiga, inda ni da kai muke zama a motar Baba, na zauna har Bitrus ya kashe injin.

A sa ni a addu'a. Ka gaida Hajiya, amma kada ka ba ta wannan labarin.

Ƙaninka,
Nura