Sunana Yana Jikin Shagon da Ya Bar Hannunmu

Zuwa ga Anti Lorraine,

Ki gafarce ni da na yi karambanin rubuto miki. Na san manya ne ke kawo miki damuwarsu a shafinki na ba da shawara, ni kuwa ɗalibar sakandare ce. Amma na rasa wanda zan faɗa wa, don Allah ki taimake ni.

Babana yana da ƙaramin shagon kayan girki a babban titin garinmu, nan Minnesota: tukwane, wuƙaƙe, ludayi, faranti. Shekarar da aka haife ni ya buɗe shi, sai ya sa masa sunana. A ƙarƙashin kantarsa na koyi karatu. Da mutane suka koma sayayya ta intanet ciniki ya mutu, a ƙarshen hunturu Baba ya rufe shagon, aka manne tagogin da takarda. Motar makaranta ta nan take bi kowace safiya, ni kuma sai in sunkuyar da kai kamar ina neman wani abu a jaka.

Yanzu wata mata, Misis Halvorsen, ta sayi shagon har da sunan. An sake fentin allon, sunana ya fito ɓaro-ɓaro da jan fenti. Tun ranar wani ɗan ajinmu, Tanner, ke tambayata a gaban kowa: "Ke, da aka sayar da ke, an haɗa da murfi ko daban ake saye?" Sai a kwashe da dariya. Nima ina yi, don ban san abin da zan yi ba.

Matar ba ta da laifi, tana da kirki. Ta ɗauki Baba aikin wasa wuƙaƙe duk ranar Asabar, za ta ba shi riga irin ta ma'aikata. Kuma ta ce tunda sunana ne, ni zan yanke ƙyallen buɗe shago ranar Asabar mai zuwa, a gaban magajin gari da mai ɗaukar hoton jarida. Baba ne ya kawo min saƙon yana murmushi. Ya ce wannan ƙaton almakashin da ake kawowa wajen biki bai taɓa yanka komai da kyau ba, shi zai wasa min shi da hannunsa. Na ce to, na shige ɗaki.

Anti, ba na son zuwa. Ba na son 'yan ajinmu su ga Baba a bayan kantar da tasa ce a da, yana jiran a ce masa yi kaza. Abin da ya fi damuna shi ne wai ni ce nake jin kunyar mutumin da bai taɓa jin kunyar komai nawa ba. In na ƙi zuwa zan ɓata masa rai, in na je ina tsoron in fashe da kuka a hoto. Yaya zan yi? In ba damuwa, ki ba ni izini in sake rubuto miki bayan Asabar.

Taki,
Mai Suna a Allo

*

'Yata,

Ba karambani kika yi ba. Abin da kike kira kunya, rabinsa kewa ce. Kin rasa wurin da kika tashi, kuma ba wanda ya ba ki damar yin baƙin ciki kafin a miƙo miki almakashi. Wannan ba ya sa ki zama muguwar 'ya.

Kina da ikon cewa a'a. Misis Halvorsen ta sayi allo, ba ta sayi ranar Asabar ɗinki ba. Sai dai ki duba ɓangaren babanki. Shi ma ya yi rashi, fiye da naki, amma ya zaɓi ya koma ya tsaya a inda kowa zai gan shi. Murmushin nan mai yiwuwa da ƙyar yake yin sa, kuma ina zaton yana son ya waiga ya ga fuskar gida a cikin taron.

Kada ki bari ranar biki ta zama ranar farko da za ki shiga shagon. Ki roƙe shi ku je tare bayan makaranta, lokacin ba kowa. In kuka ya zo, ya zo a can. A hanyar dawowa ki faɗa masa kina kewar shagon kuma kina tsoron taron. Maganar kunya ba sai kin ɗora masa ba. Bayan nan ki yanke shawara. In yankan ƙyallen ya yi miki nauyi, ki ce wa matar kin fi so ki tsaya kusa da babanki shi ya yanka. Tanner kuwa, ki daina taya shi dariya, in ya ci gaba ki sanar da malaminku.

Ki rubuto min, ko kin je ko ba ki je ba. Ina yi muku fatan alheri, ke da babanki.

Anti Lorraine