Dalilin da Ba Zan Zo Valencia a Ista Ba

Sincelejo, 9 ga Maris

Zuwa ga 'yata Yuranis,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa mai kewar 'yarta, tare da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da mijinki Wilmer da jikata Salomé. Allah ya tsare min ku a ƙasar mutane, ya sa albarka a aikinku. Mu nan kowa ƙalau. Yayanki Dairo yana nan yana fama da acaɓarsa, matarsa ta shiga wata na bakwai, yayata Emilse kuwa bakinta bai mutu ba. Na zaɓi in rubuto miki da hannu ne in ba maƙwabciyarmu Ledys, tunda za ta zo garinku, ta kawo miki, domin a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ki ce, “Mama, saurara,” daga nan kuma ke ce mai magana har katin ya ƙare. Yau dai ke za ki saurara.

Kin san a watan Disamba likita ya ce sugana ya hau, amma ban gaya miki duka ba. Ya soka min wani ɗan tsinke a tafin ƙafar hagu, ya tambaye ni ko na ji, ni kuwa ban ji komai ba. Nan take na tuna kakarki, yadda abin ya fara mata daga ɗan yatsa har aka yanke ƙafar. Ban gaya wa kowa ba sai ranar sabuwar shekara da rana, muna zaune a tsakar gida an sauke tukunyar farfesun kaza da rogo. Na miƙe na ce daga yau na bar suga da soye-soye, zan riƙa tafiyar ƙafa kowace safiya, kuma zan koyi wayar nan da kika aiko min. Dairo ya yi dariya har ya ƙware, ya ce macen da take zuba cokali uku a kofi ɗaya, ya ba ni kwana huɗu. Emilse ta ce kwana huɗu ai ya yi min kara, ita dai ta san ƙanwarta, da ƙamshin mai ya bugi hancina an gama.

Gaskiya sun kusa cin nasara. A kwana na tara na dawo daga tafiya, na biyo ta kwanar da ake soya wainar masara mai ƙwai, na tsaya wai in gaisa kawai. Uku na ci a tsaye, kamar ana korata. Na dawo gida na zauna ina jin haushin kaina. Washegari na gaya wa nas ɗin asibitin unguwarmu, sai ta karɓi wayata ta saka ni a wata ƙungiyar mata masu ciwon suga, mu kusan arba'in daga ko'ina a ƙasar nan. Rabin abin da ake turowa shirme ne. Wata ta rantse ganyen mangwaro ya warkar da surukarta cikin mako guda. Ana ta sa mata albarka, sai wata mata ta turo saƙon murya a hankali, ta ce in haka ne ai da akuyoyin ƙasar nan sun buɗe asibiti. Na yi dariya har da hawaye, na nemi lambarta na gaishe ta. Ita ce Orfilia, wadda kika ce in yi hankali da ita.

Bari in gaya miki ko wace ce. Shekarunta sittin da shida, tela ce da ta ajiye keke, mijinta ya rasu kamar babanki. Tana zaune ita kaɗai a Ipiales, can kan duwatsu, ɗanta Fabián direban babbar mota ne, sai ya yi mako biyu bai kwana a gida ba. Muka yi alkawari kowace safiya ƙarfe shida za mu tura wa juna saƙon murya kafin mu fita tafiya, da rana kuma hoton abin da ke cikin kwano. Tana ce min mai surutun bakin teku, ina ce mata tsohuwar kan dutse. In ta ga doya ta yi yawa a kwanona sai ta ce, “Ke ƙawata, wannan na mutum ɗaya ne ko na 'yan biki?” Ni kuma in ce dankalin nan nata ko jaki aka ba sai ya rage. Ita ta koya min cin wake da kabewa ba tare da na ji kamar ana hukunta ni ba, ni na koya mata gasa yalo da tafarnuwa da kifi. Tun daga lokacin ban sake tsayawa a kwanar nan ba, don na san da rana sai na nuna kwano.

Na san abin da kika faɗa, kuma ban ce ƙarya kika yi ba. Akwai 'yan damfara a waya, akwai masu sa hoton wani su zo da daɗin baki. Amma ki ji abin da ya faru ranar Alhamis, ashirin ga watan jiya. Saƙonta ya shigo ƙarfe shida kamar kullum, sai na ji harshenta ya yi nauyi. Ta so ta ce min ina kwana, kalmar ta ƙi fita daidai, ta yi 'yar dariya ta ce yau bakinta ya yi mata wani iri, za ta ɗan koma ta kwanta. Yuranis, na san irin wannan muryar. Haka muryar babanki ta yi ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, muka ce gajiya ce, muka bar shi ya kwanta har azahar. Kin san abin da jinkirin nan ya jawo mana.

Na kira ta sau biyar ba ta ɗauka ba. Ba ni da lambar ɗanta, ban san sunan layinsu ba, a ƙungiya kuma babu wadda ta san gidanta. Na zauna a bakin gado ina bin hotunan da ta taɓa turo min ɗaya bayan ɗaya. Can na ga wanda ta ɗauka a ƙofar gidanta tana nuna min sabon takalmin tafiya. A bayanta, tsallaken titi, akwai gidan burodi, da lambar waya a jikin allonsa. Na buɗa hoton da yatsu biyu yadda Dairo ya koya min, na kwafe lambar a bayan kalanda, na kira.

Wani mutum ya ɗauka, daga baya na ji sunansa Don Segundo. Da ya ji muryar bakin teku ina cewa ya je gidan maƙwabciyarsa, sai ya ce ya san irinmu, ya kashe. Na sake kira. Na ce masa, “Bawan Allah, ban tambaye ka ko sisi ba. Ka tsallaka titi ka buga ƙofar Doña Orfilia tela. In ta buɗe, ka dawo ka zage ni son ranka. In ba ta buɗe ba kuma ka zauna kana sayar da burodi, kai da Allah.” Sai na ji yana ƙwala wa matarsa kira. Minti ashirin na yi ina zagaye tsakar gida da waya a hannu. Ashe matar tana da makullin gidan. Sun same ta a ƙasa a kicin, idonta biyu amma ba ta iya tashi. A motar burodin suka kai ta asibiti, ba su jira komai ba.

Kwana biyu bayan haka Fabián ya kira ni daga asibitin. Ƙato da shi, yana kuka kamar yaro, yana ce min Mama Nelcy. Ya ce likitoci sun ce da an ƙara awa biyu da labarin ya sha bamban. Yanzu an sallame ta. Hannun hagu bai dawo sosai ba, maganar tana fitowa a hankali, amma kanta garau yake. Emilse da ta ji labarin, sai ta ce to ita ma a saka ta a ƙungiyar.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Kin ce in zo Valencia a hutun Ista, in duba ko zan iya zama tare da ku gaba ɗaya, don kada in tsufa ni kaɗai. Na gode, 'yata, na san ƙauna ce. Amma Ista a Ipiales zan yi ta. Fabián dole ya koma kan hanya, Orfilia kuma ba ta iya riƙe wuƙa balle tukunya, in aka bar ta da burodin Don Segundo sugan zai ƙarasa abin da ciwon ya fara. Zan yi mako uku ina dafa mata, ina riƙe ta muna taka ƙafa a ƙofar gida. Kwana biyu ne a bas, na sani. Na tambayi likita, ya auna ni, ya ce sugana ya sauka, na rage kilo shida, in dai zan riƙa miƙe ƙafa a tasha kuma in bi tsaunin a hankali, in tafi. Dairo zai raka ni har Medellín ya sa ni a mota ta biyu. Wurinku kuwa zan zo a watan Agusta in Allah ya kai mu, in yi wata guda ina goyon Salomé, sannan in dawo gidana. Ba fushi nake ba, kuma ba taurin kai ba ne. Ina da ƙarfina, ina da abin yi, akwai kuma wadda take jirana.

Abu ɗaya nake roƙo. Orfilia ta ce garinsu da safe har hayaƙi ke fita daga bakin mutum, ni kuwa shekara hamsin da tara ban taɓa mallakar rigar sanyi ba. Ledys za ta juyo ƙarshen wata. Ki ba ta mai kauri guda ɗaya da safa biyu. Ki sayi ƙarama da lamba ɗaya a kan wadda kika sani, kuma ja nake so, don matar nan ta hango ni tun daga bakin tasha.

Ki gaishe min da Wilmer, ki sumbaci Salomé a goshi. Dairo da matarsa da Emilse duk suna gaishe ku. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Nelcy Arrieta