Ledar filin ƙwallo a tumbin tunkiyata

Zuwa ga Shugaban kwamitin kula da filin ƙwallo na garinmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ranka ya daɗe. Ni ce matar da gidanta ke jingine da katangar filin ta gabas, inda ma'aikatanka ke ƙona shara.

Na ɗaya. Duk ranar wasa ƴan kallo kan sha ruwan leda su jefar, har ƙasa ta yi fari. A da, washegari mu matan unguwa mukan shiga mu tsince, mu wanke, mu yanka sili-sili, mu tufka igiya. Da ita muke ɗaure dabbobi, da ita muke saƙa jakar cefane. Ragar golan nan biyu ma mu muka saƙa, ba wanda ya roƙe mu.

Na biyu. Da ka hau kujera bara, ka sa kwaɗo a ƙofa. Ka ce ƴan wasan Malbaza na tafe, kada baƙi su ga mata duƙe cikin shara su raina garin. Ka kwance ragarmu, ka aika tsallaken iyaka aka sayo ta kanti. Baƙi sun zo sun tafi, kwaɗo na nan. Na tsufa ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, na yi karatu daidai gwargwado, ban taɓa cin karo da littafin da ya ce tsintar shara abin kunya ne, tara ta kuwa wayewa ba.

Na uku. Taka tsabtar ita ce a share a jibge gindin katangata, a cinna wuta. Jiƙaƙƙiyar leda ba ta ci, narkewa take. Baƙin hayaƙinta ya shiga ɗaki, ya zauna a tuwo, ya zauna a ƙirjin mahaifiyata mai asma. Wadda wuta ta bari, iska ta raba wa unguwa.

Na huɗu. Makon jiya tunkiyata ta daina cin dusa, cikinta ya kumbura, ta kwanta. Muka yanka kafin ta zama mushe. Mahauci ya farke tumbi a gabana, ya zaro dunƙulen leda da ya kai girman kan jariri, baƙi, yana yauƙi, warinsa ya kori har ƴan kallon fiɗa. Tunkiyar nan tana da ciki, ranka ya daɗe. Sauran dabbobin unguwa kuma a kwararon bayan katangar nan suke kiwo.

Ba diyya nake nema ba. A buɗe mana ƙofa washegarin kowane wasa, a daina wutar. In Lahadi mai zuwa ta wuce ban ga haka ba, dunƙulen nan na ajiye shi cikin tukunya ban wanke ba, zan kawo shi buronka, wato ofishinka, da kaina, in buɗe a kan tebur.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare iyalinka daga irin iskar da muke shaƙa, ya kuma ba ka hanci mai jin wari.

Wassalam,
Malama Rabi, ta bayan katanga