Eriyar Jirgin Bapak

Surabaya, farkon azumi

Mas Gunadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da azumi, da iyali, da zafin Balikpapan. Bapak, mahaifinmu, yana nan lafiya, sai dai idon da yake ƙara dushewa, kuma har yau bai yarda ba.

Yayana, na yi ɓarna, kai za ka fitar da ni. Jiya na fara sharar Sallah, na shiga ɗakin 'yan jiragen yaƙin da Bapak yake haɗawa. Duk suna cikin akwatin gilashi, ban da ƙaramin nan mai ruwan toka, samfurin wanda ya yi aikin rediyo a cikinsa lokacin yana sojan ruwa. Shi kaɗai aka bari a bakin taga yana cin ƙura. Na ga wasu zarurruka tsakanin sandunansa, sun yi laushi sun ranƙwafa, na ce lallai gizo-gizo ya raina mu a gidan nan. Na sa abin kaɗe ƙura na share su tas, har ina jin daɗin kaina. Sai da na ga guntaye manne a kan sandunan na gane eriyar jirgin ce na cire.

Na rufe shi da mayafin tebur, na ce wa Bapak fenti za a yi. Ya ce, "Fenti da azumi? Ke dai ba kya iya zama." Tun da na dawo gidan nan bara ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya.

Wace irin waya ce, kuma a ina ake sayarwa? Ka yi dariyarka ka gama, sannan ka amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Ndari

Balikpapan

Dik Ndari,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, mun gode Allah da lafiyar Bapak. Ban yi dariya ba.

Ba waya ba ce. A jirgi ƙarami kamar wannan kowace waya kauri take yi, shi ya sa masu wannan aikin suke amfani da gashin mutum. Gashin Ibu ne, mahaifiyarmu. Ita ta tsinko masa daga matajinta, ita ta riƙe masa sandunan yana ɗaurawa. Kina Jakarta lokacin. Ni ma sai ranar da muka binne ta ya gaya mini.

Shi ya sa ya ƙi sa shi a gilashi. Gashi yana saki idan iska ta yi danshi, ya ɗame idan ta bushe. Kullum da safe yana duba eriyar, idan ta ranƙwafa ya ce a kwashe shanya. Kin sha jin sa yana cewa, "Ibunku ta ce za a yi ruwa." Na ɗauka kin san abin da yake nufi. Laifina ne da ban gaya miki ba.

Shawarata, kada ki faɗa masa. Ki sayi zaren kamun kifi mafi siriri, ki baƙanta shi da alƙalami. Ki ɗiga gam a kan sanda da tsinken sakace, ki ɗora zaren da hantsaki, daga doguwar sanda zuwa ta baya. Zai yi lanƙwasa, kada ki ja shi da hannu. Ki kunna maganin sauro mai hayaƙi, ki kawo garwashin kusa ta ƙasa, za ki ga zaren ya miƙe da kansa. Idan kin matsa da yawa zai tsinke. Da wannan idon nasa ba zai gane ba.

Ki gaishe mini da shi.

Yayanki,
Gunadi

Surabaya

Mas,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarka a tsaye a kicin, sai da na zauna a ƙasa. Na zazzage kwandon shara, alhali na san mai shara ya wuce tun tuni. Na tsefe abin kaɗe ƙuran nan gashi-gashi, ban samu ko sili ɗaya ba. Ni da hannuna na share Ibu na ce da ita yanar gizo. Wallahi ko madubi ba na son kallo.

Na yi yadda ka ce, ranar Juma'a da ya tafi masallaci. Na tsinka zare har na gaji, na manne yatsuna biyu, hayaƙi ya sa ni hawaye a kan hawaye. A ƙarshe ya miƙe tsaf, ya fi na da kyau ma. Na yaye mayafin.

Da safe Bapak ya tsaya a taga da madubinsa na ƙara girma. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Yau rana za a yi." Aka kuwa yi rana. Na ce Alhamdulillah, amma ban ji sanyi a raina ba.

Taka,
Ndari

Surabaya, jajiberin Sallah

Mas Gunadi,

Ina gaishe ka, ina yi maka barka da Sallah tun yanzu. Dabararmu ta watse.

Ranar Talata na shanya kerupuk, 'yan fallayen garin rogo da jatan lande, a kan rufi, wanda za mu soya wa baƙin Sallah. Sama ta yi baƙi ta wajen teku. Na ce, "Bapak, in kwashe?" Ya duba jirgi ya ce, "Bar shi. Ibunki ba ta ce komai ba." Na san abin da ke kan jirgin nan zaren kifi ne, amma na yi shiru, don idan na yi gardama sai na faɗi dalili. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kerupuk ya koma kunu.

Washegari ma haka, zare a miƙe, ruwa na zuba. Ya daina fita hira wajen tsofaffin abokansa. Da buɗa-baki sai ya kurɓi shayi ya ture kwano. Jiya na same shi a taga, bai ji shigowata ba, yana magana da Ibu ƙasa-ƙasa: "Bu, me na yi miki? Kabarin ne ban je ba? Gwiwa ce, kin sani."

Mas, ban iya ba. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai, har da abin kaɗe ƙura, har da zaren kifin. Ka yi haƙuri.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya sa yatsa ya taɓa zaren, ya ce, "Wa ya koya miki ɗame shi da wuta?" Na ce kai ne. Ya ce, "Ya yi ƙarfi da yawa. Eriya ta gaskiya ba ta miƙewa haka." Ya ɗauki hantsaki ya cire su ɗaya bayan ɗaya, ya bar sandunan tsirara. Tun daga nan bai ce mini komai ba sai amsa gaisuwa.

Gobe kowa zai durƙusa ya nemi gafarar iyayensa kamar yadda aka saba. Ni ban san da wace fuska zan sa goshina a gwiwarsa ba. Bayan Sallah zan je a aske mini gashin nan, ba na son ganinsa a mataji.

Ka yi mana addu'a.

Ndari

Surabaya, bayan Sallah

Zuwa ga ɗana Gunadi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka na neman gafara ya iso, na yafe. Aikin da ka koya wa ƙanwarka ba shi da kyau, za mu yi magana idan ka zo.

Dalilin rubutu shi ne, Ndari tana guduna a cikin gida, ni kuma ban iya irin wannan maganar baki da baki ba. Ka rubuto mata ka ce ta daina kuka a kicin, ina jin ta, kunnena lafiyarsa lau. Ka ce kada ta kuskura ta taɓa gashinta da almakashi. Na duba matajinta, irin na mahaifiyarku ne, tsawon ma ya isa.

Ka ce mata hannuna ba ya tsayawa, ina buƙatar wanda zai riƙe mini sandunan. Ta yi sauri, damina ba ta ƙare ba.

Mahaifinku,
Sukirno