Na Ɗora wa Malam Na'Allah Laifin da Ba Nasa Ba

Goggo Tani, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda za ni gaya ma wannan magana.

Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Sabon Birni. Bana ruwa ya ɗauke gero bai fidda kai ba, dawa ta ƙone, shi ya sa munka shiga ƙauyuka muna rubuta gidajen da za a ba hatsi. Ana cike fom da biro, ni ke sa su a sikana, na'urar ɗaukar hoton takarda, manhajar kwamfuta ta karanto suna da gari da yawan iyali ta jera. Na ko'ina sun shiga lafiya ban da na ƙauyen Tsamaye. Gurbin yawan iyali ya fito wayam a gidaje sittin da uku, manhajar ta zubar da su, ba wanda ya lura. Sai da wani dattijon makiyayi, Atiku, ya tako har ofis ya ce shanunsa biyu sun mutu, jikoki tara ke gabansa, kuma ba a kira sunansa ba.

Goggo, raina ya ɓaci. Abokin aikina Malam Na'Allah ya cike fom ɗin Tsamaye, kuma ya girme ni nesa, amma a gaban shugabarmu na ce rubutunsa ne ba ya karantuwa. Anka hana shi fita ƙauye.

Kwana uku ina fama. Na goge gilashin sikana, na ƙara haske, a banza. Ran na huɗu na ɗora fom ɗin Tsamaye bisa na ƙauyen Alkalawa na ɗaga su ga taga, sai na ga layukan ba su hau juna ba. Ashe da fom sunka ƙare mana, ni na kai anka yi fotokwafin na Tsamaye a garin Isa, mai shagon ya ɗan rage girmansu. Manhaja na neman lamba inda ta saba, lambar ta matsa sama. Na zana mata sabon gurbi, gidajen duka sunka fito. Jiya Atiku ya ɗauki buhunsa. Wallahi sai yanzu abinci ke shiga cikina. Kowa na yabona, har shi Malam ya ce mani sannu da ƙoƙari. In na faɗi gaskiya ina tsoron aikina. In yi shiru?

Mai sikana, Sabon Birni

Ɗiyata, barka. Gidaje sittin da uku sun ɗora tukunya saboda ba ki gaji da nema ba, wannan ladarki ce. Fotokwafin kuskure ne, kowa na iya yinsa, kuma tsoronki ba abin raini ba ne a shekara irin ta bana. Amma maganar da kika faɗa a kan Malam Na'Allah tana nan, kuma shi ke zaune a ofis dominta.

Fara da shi. Same shi shi kaɗai ki nemi gafara, ba tare da kame-kame ba. Sannan ki kai wa shugabarku fom biyun nan ki ɗaga mata su a taga, shi ma yana wurin, tunda a gabanta kika zarge shi. Ba na zaton za a kori wadda ta gano cuta ta kuma kawo magani.

Daga yanzu ki gwada fom biyar daga kowane ɗauri kafin ki zuba sauran, ki kuma saita manhajar ta riƙa nuna miki gurbin da ya fito wayam, kada ta zubar da gida a ɓoye.

Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya, Ya ba mu damina mai albarka. Gobe da safe ki je, kafin a fara aiki.

Goggo Tani