Ranar Gidan Kadi a Rijiya

Tudun Aduwa, ta Tenhya

Zuwa ga Yayana Abdulhafiz,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mu'minat da yara. Ya aiki, ya zafin Damagaram? Wayarka ba ta shiga, an ce masu bincike sun karɓe ta, shi ya sa na koma takarda kamar muna ƴan makarantar lakwal. Bashir direba zai kawo maka.

Na san ka ji jirgin kaya ya faɗi a wajenmu, amma ni da idona na gani. Ranar Talata da hantsi hadari ya rufe sama, ina kwashe shanya, sai ga shi ya ɓullo daga cikin gajimare ƙasa-ƙasa. Ya daki tudun arewa ya rabe biyu, rabin ya taho yana jan wuta har bakin rijiya. Ka tuna rabon da mai gari ya yi mana bayan rigimarmu da gidan Kadi a kan rijiyar nan, yau su shayar, gobe mu shayar. To, Talatar tasu ce. Ƴaƴan Kadi biyu, Yusuf da Sani, suna jan guga da raƙumi. Yusuf a buhu aka tattara shi. Sani ya yi ta gudu da wuta a bayansa yana kiran uwarsa har ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Shanu kuwa ƙafafu a kakkarye, maza na bi suna yankawa har wuƙaƙe suka dakushe. Tun ranar ko warin nama ba na so.

Matuƙi ɗaya ya mutu nan take, ɗayan kuwa jandarmomi sun kai shi asibitin Tanut.

Yaya, tambaya ɗaya gare ni. Ka gaya mini gaskiya, wa ke bakin aiki a hasumiyarku ta filin jirgi ranar nan? Inna tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Radiya

Zuwa ga Yayana Abdulhafiz,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Takardarka ta iso, na karanta ta a ɓoye ina kuka.

Na gane bayaninka sarai. Matuƙin ya danna wa na'urar jirgi wurin da ba shi ba, ita kuma ta nuna masa ya kusa Damagaram alhali yana kanmu. Ya faɗa maka haka ta rediyo, ku kuma ba ku da abin hango jirgi daga nesa, abin da matuƙi ya ce shi kuke bi, sai ka ba shi izinin sauka. Ni na yarda. Amma zo ka ga mai shigar da wannan a ƙwaƙwalwar Kadi.

Ka san bakin Inna. Ba biki ba suna sai ta faɗa wa mata cewa jirgi ba ya sauka sai ɗanta ya ce ya sauka. Lokacin rigimar rijiya ma ta faɗa wa matar Kadi ido da ido. Yanzu maganar ta dawo mana. Cewa suke, duk faɗin dajin da ke tsakanin Agadas da Damagaram, me ya sa sai rijiyar nan, kuma me ya sa sai ranarsu?

Ranar Juma'a daga masallaci gidanmu suka yo. Sun cinna wa rumbunanmu wuta, sun sassare awaki a turke. Ƙanenmu Hamza ya tare ƙofa, suka sare shi da adda a hannu har ƙashi ya fito. Inna ta fito ko kallabi babu tana roƙonsu, wani ya maka mata sandar kiwo a haƙarƙari, da kunnena na ji ƙarar. Tana kwance, in ta yi tari sai jini.

Ka rubuto wai za ka zo yi wa Kadi ta'aziyya, wai haka ya kamata maƙwabci ya yi. Kai da taurin kai tun muna yara! Wallahi in ka sako ƙafa garin nan ba za ka kai zaurensa da rai ba. Ka zauna inda kake. A gaida Mu'minat.

Taka,
Radiya

Zuwa ga Yayana Abdulhafiz,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ka zaune, kusa da iyalinka.

Inna ta rasu, Yaya. Mun binne ta shekaranjiya. Allah Ya jiƙanta, Ya ba mu haƙuri. Ni na hana a sanar da kai, ni na sa Bashir ya rantse ba zai buɗe baki ba sai an rufe ta. Na san da ka ji, ko da ƙafa sai ka taho.

Kafin rasuwarta manya sun zo daga Tanut, sun tara mutane a ƙofar mai gari. Sun ce matuƙin ya farfaɗo, ya amsa da bakinsa cewa hannunsa ne ya yi kuskure, kai ba ka da laifi. Kadi ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya tambaya, to muryar wa ta ce wa jirgin ya yi ƙasa? Ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Ya zo jana'izar Inna. Ya shiga sahu, an yi salla da shi, har ƙasa ya zuba a kabarin. Mutane suka ce zuciyarsa ta sauko. Hamza ne ya lura da takobi a ƙarƙashin babbar rigarsa, kuma tun da aka ɗauki gawa har aka watse idonsa na kan hanyar Tanut, wadda za ka biyo. Shi ma ya san ɗa ba ya ƙin zuwa binne uwarsa.

Na hana ka ganin fuskar Inna, kuma na san abin da na yi maka. Kada ka zo sadakar bakwai, kada ka zo ta arba'in. Ka yi fushi da ni iya son ranka, ka daina yi mini magana in ka ga dama, in dai kana numfashi.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Radiya